Zauren Masu Karatu: Yaron da Aka Hango Tun Ba a Haife Shi Ba

Assalamu alaikum jama'a. Wannan karon saƙonnin da suka fi yawa duk akan abu ɗaya suke, wato littattafan nan na jarumai da takubba da tsafi da yaƙi da mugun sarki, na Turawa da namu na gida, shi yasa na tattara su wuri guda. Masu tambaya akan waƙa ku ƙara haƙuri sai fitowa ta gaba in Allah ya kaimu.

TAMBAYA: Salam Malam, barka da ƙoƙari. Ni ina son littattafan Turanci masu takubba da tsafi amma wallahi wani abu ya fara isata, duk wanda na ɗauka sai in tarar da yaro maraya a ƙauye yana kiwo ko yana wahala a gidan kawunsa, sai wani tsoho mai gemu ya zo yace ai kai ne wanda aka yi busharar zuwansa tun shekara dubu, kai zaka kashe sarkin duhu. Toh in an riga an faɗa zai ci nasara meye amfanin in zauna in karanta shafi 800? Kwafar juna suke yi ko kuwa lalaci ne? Daga wani ɗalibi a Samaru, Zariya.

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanena. Kwafa kam akwai ta, musamman daga 1977 zuwa cikin shekarun 1990, lokacin da kamfanonin buga littafi na Amurka suka ga irin kasuwar da The Lord of the Rings na Tolkien ya buɗe, shi da ya fito tun 1954 da 1955, sai kowa ya shiga neman mai kama da shi, tsoho mai sanda, yaron ƙauye, tafiya mai nisa, mugu a can bayan duwatsu. Da yawa daga cikinsu in ka karanta ɗaya ka gama da goma, a nan ina tare da kai.

Amma shi tsarin yaron da aka hango ya girmi injin buga littafi, kuma ba sai ka je Ingila zaka same shi ba. Ɗauki labarin Sunjata Keita da mawaƙan Mande suke rerawa har gobe a Mali da Gini da Gambiya. Wani maharbi ne ya zo fadar sarki ya watsa wuri yace za a kawo maka wata mace mummuna mai doro, ka aure ta, ɗan da zata haifa sai ya fi kowa. Aka yi auren aka haifi yaro, sai ga shi ya ƙi tafiya, yana jan gindi har wajen shekara bakwai, mutanen gari suna dariya suna cewa wannan ne babban sarkin da aka ce? Rannan uwarsa ta je wajen kishiyarta roƙon ganyen kuka na miya, kishiyar ta watsa mata gori tace ni ɗana shi ke hawa ya tsinko min, naki fa? Matar nan ta dawo tana kuka. Ranar ne yaron yasa aka kawo masa sandar ƙarfe daga maƙera ya dogara ya miƙe har sandar ta lanƙwashe, ya je ya tumɓuko bishiyar kukar ɗungurungum ya kawo ƙofar ɗakin uwarsa. Ka lura da kyau, maganar maharbi tana nan duk tsawon shekarun nan bata ɗaga shi daga ƙasa ba, hawayen mahaifiyarsa ne suka ɗaga shi. Sai daga baya aka yi gudun hijira da dawowa da yaƙin Kirina wajen 1235 inda ya karya Sumanguru sarkin Soso mai tsafi.

Maraici da ƙauyanci kuma suna da aikin da suke yi. Uwa mai rai ba zata bar ɗanta ɗan shekara 15 ya saɓa takobi ya nufi kogon dodo ba, dole marubuci ya kwance wannan igiyar tukun. Shi kuma ɗan ƙauye bai san komai game da manyan birane da daulolin duniyar labarin ba, kai ma mai karatu baka sani ba, sai ku koya tare ba tare da marubuci ya tsaya yana maka lacca ba.

Inda ake gane gwani shine me ya yi da busharar. Wanda bai karanta waɗannan ba kuma baya son a faɗa masa ƙarshe ya tsallake nan. A Harry Potter sai a littafi na biyar da ya fito 2003 aka bayyana abin da busharar ta ƙunsa, yaro ne da za a haifa ƙarshen watan Yuli ga iyayen da suka bijire wa mugun sau uku, kuma yara biyu ne suka dace da wannan siffar. Mugun rabin maganar ya ji, ya firgita, ya zaɓi ɗaya ya je kashe shi tun yana jariri, kaga da hannunsa ya ƙera wanda zai zama ajalinsa, da ya yi zamansa da maganar ta bi iska. A The Wheel of Time na Robert Jordan da ya fara fitowa 1990 busharar ma abin tsoro ce, wanda ake jira zai ceci duniya amma kuma zai farfasa ta, sannan a duniyar labarin duk namijin da ya taɓa ƙarfin tsafi ƙarshensa hauka, don haka yaron da busharar ta faɗa kansa, wani makiyayin tumaki, gudun abin yake yi, mutane kuma rabi suna jiransa rabi suna fatan kada ya zo a zamaninsu.

Shi Tolkien da ake cewa shi aka kwafa, jaruminsa ba yaro bane, Frodo yana da shekara 50 ya bar gida, kuma a gaban taron manya shi ya buɗe baki da kansa yace zai ɗauki zoben tsafin mugun ya kai shi inda za a halaka shi alhali bai ma san hanya ba. Da ya isa bakin wutar da zai jefa shi kuma sai ya kasa, zoben ya ci ƙarfinsa, abin da ya ceci duniya shine wani halitta abin tausayi da ya taɓa samun damar kashewa ya ƙyale. Ya dawo gida da ciwon da bai warke ba. Mutumin da ya rubuta wannan ya shiga ramukan yaƙin Somme a Faransa a 1916, lokacin yaƙin duniya na farko, kuma kafin 1918 aminansa na kusa duk sun mutu in banda ɗaya, ya san ba kowa ke dawowa daga nasara da dariya ba. Ni wannan ƙarshen yana cikin abubuwan da suka fi taɓa min zuciya a duk karatuna.

Toh ga abin da zaka riƙa yi. In ka ɗauki littafi ka ci kamar babi goma, tambayi kanka, in aka cire maganar tsohon nan mai gemu gaba ɗaya yaron nan yana da dalilin da zai sa ya tashi ya tafi? In yana da shi ci gaba, sanin cewa zai yi nasara ba zai rage maka komai ba don abin da kake bi shine me zai rasa kafin ya kai. In kuwa busharar ce kawai ke jan shi daga gari zuwa gari, ajiye shi ka nemi wani.

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Don Allah ina cikin damuwa, 'yata shekararta 13, ta kamu da karatun labaran matsafa da aljanu a waya, na Hausa da na Turanci, wani lokacin har ɗayan dare in leƙa in ga hasken waya a cikin bargo. Makarantarta lafiya lau, Islamiyya ma tana zuwa, amma ina tsoron kada abin ya taɓa mata aƙida. In ƙwace wayar ne ko yaya zanyi? Daga wata uwa a Kaduna.

AMSA: Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya raya mana su ya shirya su. Tsoronki yana kan hanya, sihiri ba abin wasa bane, yana cikin manyan zunubai bakwai masu halakarwa da suka zo a hadisi, aya ta 102 a Suratul Baƙara ma ta yi magana a kansa, kuma babu wanda ya san gaibu sai Allah. Hukuncin karanta irin wannan labarin ki kai wa malamin da kika yarda da iliminsa, fatawa tasu ce. Kuma ba mu kaɗai ba, a Amurka ma iyaye Kiristoci sun yi ta kai ƙorafi makarantu, har ƙungiyar ɗakunan karatu ta ƙasar ta sa Harry Potter a matsayi na ɗaya cikin littattafan da aka fi neman a cire tsakanin 2000 da 2009.

Abin da zan iya faɗa miki a matsayina na mai karatu shine yaro yana rarrabe labari da gaskiya fiye da yadda muke zato, in dai akwai babba a kusa da yake magana da shi. Mu da muka tashi da tatsuniya mun sha jin Dodo yana magana, Gizo yana yaudarar zaki, yarinya ta shiga cikin kabewa, amma kakanninmu basa tashi sai sun rufe da ƙurunƙus, ba don Gizo ba da na yi ƙarya, da ma ƙaryar ce. Kinga sun bamu labarin kuma sun gaya mana matsayinsa. Abin da waya ta cire kenan, labarin yana zuwa amma kakar bata nan. Ki zama ke ce kakar. Ki ce ta baki labarin da take karantawa kuna tsinken shinkafa ko kuna kitso, ki tambaye ta waye mugun, me yasa yake mugunta, shi bokan da aka je wajensa ina ya ƙare. Daga amsarta zaki gane inda kanta yake. Mafi yawan labaran nan masu kyau ma darasinsu kenan, wanda ya nemi ƙarfi ta hanyar tsafi shi tsafin ke cinyewa.

Ni abin da ya fi bani tsoro a cikin saƙonki ba aljanun bane Hajiya, abu biyu ne. Na farko ba duk littafin da ke da takobi da dodo a bango bane na yara, Game of Thrones misali da littafinsa na farko ya fito 1996 cike yake da batsa da kisan gilla, na manya ne zalla, haka wasu na Hausa da ake turawa a guruf guruf na WhatsApp babu mai tace su. Ki san sunan abin da take karantawa. Na biyu ɗayan dare, yarinya mai zuwa makaranta da safe bata da abin yi da waya a wannan lokacin ko me take karantawa. Ki sa doka waya tana kwana a ɗakinki, ki sayo mata na takarda. Ƙwacewa gaba ɗaya kuwa bana baki shawara, zata koma karantawa a wayar ƙawa inda idonki baya kaiwa, kuma yarinyar da ke son karatu a wannan zamanin ni'ima ce da iyaye da yawa suke nema da kuɗi basu samu ba.

TAMBAYA: Malam ina gaisuwa. Tun ina lakwal nike jin ana yabon littattafan Turawa na jarumai, shin mu Hausawa ba mu da irinsu ne? Daga wani mai karatu a Maraɗi.

AMSA: Muna da su ɗan'uwa, kuma tun farkon rubutun zube na boko da su aka fara. A gasar rubutu da Rupert East, wani Bature jami'in ilimi, ya shirya a 1933 aka samu Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, yana saurayi ɗan shekara ashirin da 'yan kai, labarin wanda ya bar gida neman ruwan da zai warkar da ɗan sarki bayan an kunyata limamin da ya riƙe shi a fada, har ya dangana da ƙasar aljanu. A wannan gasar aka samu Ganɗoki na yayansa Bello Kagara, sadaukin da ya gwabza da Turawa sannan ya nausa gabas yana yaƙi da aljanu. Daga baya ga littattafan yaƙi na kasuwar Kano, irin na Abdul'aziz Sani Madakin Gini da takwarorinsa, da matasa suka yi ta haya suna karantawa, yanzu kuma ana sauraronsu a YouTube. Duk kayan aikin suna ciki, boka ya duba madubin tsafi ya gaya wa sarki za a haifi wanda zai rushe mulkinsa, sarki ya sa a kashe jarirai, maridai, takobin da sai mutum ɗaya ke iya zare shi.

Ina girmama marubutan nan don sun sa yara maza karatu a lokacin da ake cewa littafin Hausa na mata ne. Amma akwai abin da ke ci min rai, kusan duk labaran a Misra da Bagadaza da Birnin Sin ake yinsu da sunayen Larabawa da Farisawa, tasirin Dare Dubu da Ɗaya ne na sani, sai dai namu tarihin yana nan zube ba mai taɓawa. A cikin tsohon littafin tarihin sarakunan Kano an rubuta cewa Barbushe, babban mai tsafin Tsumburbura a Dutsen Dala, ya gaya wa mutanensa wani mutum zai zo da runduna ya mallake ƙasar, in bai zo a zamaninsu ba zai zo a zamanin 'ya'yansu, sai ga Bagauda da ake ƙiyasta farkon sarautarsa daga 999. Ka duba fa, bushara ce da ta fito daga bakin wanda za a ci da yaƙi, wa ya taɓa zama ya rubuta mana yadda yaron da ya tashi a gindin Dala yana jin wannan maganar zai ji? Ku kuma a Nijar ga Sarauniya Mangu ta Lugu can wajen Dogon Dutsi da ta tari rundunar hafsoshin Faransa Voulet da Chanoine a 1899 lokacin da garuruwa ke watsewa da jin sunansu, mutanenta suna cewa tana da asiri. Kayan labari kam Allah ya bamu.

TAMBAYA: Turancina bai yi ƙarfi sosai ba, da wanne zan fara? Daga wani ɗan kasuwa a Gusau.

AMSA: Alhaji fara da The Hobbit na 1937, littafi ɗaya ne kuma don yara aka rubuta shi, ko Harry Potter na farko na 1997 da Turancinsa ke da sauƙi. Kada ka tsaya duba ƙamus a kowane layi, ka bi labarin, kalmar da ta dawo sau da yawa ita zaka duba. The Wheel of Time ka bar shi sai gaba, littafi 14 ne manya manya.

TAMBAYA: Salam Malam, ni marubuciya ce sabuwa, ina rubuta labarin wata yarinya 'yar maƙeri da ta gano tana iya sarrafa wuta, ina sakewa a guruf. Da farko mutane suna ta yabo amma yanzu sun fara cewa labarin ya daina daɗi wai ko wane bala'i ya zo sai ta watsa wuta shikenan. Na kai babi na 30 kuma ban san yadda zan gyara ba. Daga wata ɗaliba a Kano.

AMSA: Wa alaikumus salam 'yata, na ji daɗin saƙonki sosai, 'yar maƙeri mai wuta tunani ne mai kyau kuma namu ne, maƙera dama tun da can ana musu kallon masu asirin wuta. Masu karatunki gaskiya suka gaya miki, kuma ki gode musu da basu gudu shiru ba.

Matsalar ita ce wutarta kyauta take samu. A labari tsafi kamar bashi yake, duk wanda ya ci sai ya biya, in ba a biya ba mai karatu ya daina jin tsoro, in ya daina jin tsoro ya daina juya shafi. Brandon Sanderson, wanda ya ƙarasa littattafan Jordan bayan rasuwarsa a 2007, yana da wata ƙa'ida da marubuta ke yawan ambata, cewa gwargwadon yadda mai karatu ya fahimci dokar tsafin gwargwadon yadda kike da damar warware matsala da shi. Toh ki zauna da biro ki amsa wa kanki, me wutar ke ci a jikinta duk sanda ta kira ta? Tafin hannunta ne ke ƙonewa har ta kasa riƙe guduma da arautaki a maƙerar babanta? Ko wani abu take mantawa, yau sunan ƙawarta gobe muryar mahaifiyarta? Ina ne wutar bata aiki, cikin ruwan sama, ko a gaban wanda take ƙauna? Ba sai kin koma babi na ɗaya ba, ki sa a babi na 31 ta farga cewa duk wutar da ta watsa a baya akwai abin da ta tafi da shi bata lura ba, masu karatu zasu koma baya da kansu suna neman alamun.

Sannan ki kawo mata matsalar da wuta bata magani. Ƙaninta ya koma ɓangaren mugun da son ransa, zata ƙone shi ne? Gari na fama da ƙishirwa, me wuta zata yi? Shi mugun ma ki bashi dalili, kada ya zama yana mugunta don kawai sunansa mugu, watakila shi ma an taɓa masa bushara ne ya tsorata, ko yana ganin shi ke kare mutanensa.

Kuma ki sauko da labarin ƙasa. In sun yi tafiya mu ga salkar ruwa ta kusa ƙarewa, mu ga doki ya gaji an sauke sirdi ana nema masa harawa, guzurin ƙuli da dakuwa ya ƙare, mu ji zafin lifidi da rana tsaka. Ki je maƙera da kanki ki zauna ki ga yadda ake zuga zugazugi, yadda ƙarfe ke sauya launi daga ja zuwa fari, ƙarar uwar maƙera, ƙaurin gawayi, ki tambayi maƙerin sunan kowane abu ki rubuta. Kada ki ji wai jarumar mace ba zata karɓu ba, Nnedi Okorafor ta fitar da Akata Witch a 2011 da yarinya zabiya 'yar shekara 12 a Aba kuma duniya ta karanta. In kin rubuta babi na 31 ki turo min ta adireshin mujalla tare da na ɗaya, zan karanta in baki amsa a wannan shafin.